Gefen da Dillali Yake Tsayawa

Maigatari,
Asabar, da hantsi.

Zuwa ga autata Zakiyya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kun tashi lafiya ke da mai jiki. Yaya gajiyar jinya, yaya baƙunta a Alƙahira? Mu nan lafiya lau, sai kewarku da ta cika gidan. Allah ya yi miki albarka, ya ba ki masu yi miki kamar yadda kike yi wa Ummanki.

Kada ki yi mamakin ganin takarda. Na rubuta ne na ɗauki hotonta na turo, saboda ɗaki ɗaya kuke kwana, kuma Ummanki a wuya aka yi mata aiki, ba a kunne ba. In na kira, ko a banɗaki kika ɗaga za ta ji. Da kin gama karantawa ki goge.

Abin da kika gaya min jiya ya hana ni cin tuwo. Na maimaita shi a raina har na haddace: ƙarin da aka cire mata ta gefen hagu an kai shi gwaji, sakamako sai ranar Talata ta sama, kuma likita ya ce kamanninsa bai kwanta masa ba, yana iya zama ciwon daji. Kin kyauta da kika ce mata jiran warkewar ɗinki kawai kuke yi. To amma ki duba, Auta. Kwana goma a ɗakin otal, daga gado sai taga, mace irin Ummanki da ta saba da hayaniyar ɗalibai sittin a Islamiyya? Kafin kwana uku za ta fara kallon fuskarki, ke kuwa tun kina yarinya ba ki iya riƙe fuska ba. Ranar da kika fasa tulu ma ke kika fara kuka kafin kowa ya ga ruwan.

Na yi shawara da Malam Jonah, malamin dabbobin nan namu na kara, wanda yake duba shanu kafin a loda su. Shi kaɗai na gaya wa. Ya ce bara waccan 'yarsa ta kai su shi da Theresa matarsa wannan ƙasar da kuke, suka hau wani jirgin ruwa mai ɗakunan kwana a Kogin Nilu, daga wani gari Luksor zuwa Aswan, kwana huɗu. Ya ce Theresa ta tafi da hawan jini da rashin barci, ta dawo tana minshari kamar injin markaɗe. Ki nemi mutanen otal ɗinku su nuna miki inda ake yankar tikiti. Ki fara tambayar likita gobe in kun je wankin ciwo. In ya yarda, ku tafi Litinin.

Na san abin da za ki ce, kin ma fara faɗa jiya: wai wannan ɓoye-ɓoye ne. Ba ƙarya za mu yi mata ba. Shekara talatin da biyar ina dillancin shanu ban taɓa ce wa mai saye sa ba shi da aibi alhali yana da shi ba. Abin da nake yi, in tabo ko ɗingishi yana ta hagu, sai in tsaya ta hagu, in baza babbar riga, in ɗora hannu a tozo, in yi ta zancen ƙaho da haƙora. Idon mutum yana bin bakin mai magana ne. Haka za mu yi. Ni zan yi maganar, ke dai ki yanki tikiti ki riƙe fuskarki.

Wani abu kuma, tsakanina da ke. Ni tsoron ruwa nake yi. Tafkin bayan kasuwa in ya cika da damina kewaye shi nake, ko da ƙafar yaro ba ta nutsewa a ciki. Don haka ki duba jirgin da idonki kafin ku shiga. Ki tambaya ko akwai rigar nan mai hana nutsewa, ki ga inda ake ajiye ta. Kada ki bar ta ta jingina da ƙarfen gefe.

Ga wata takardar nan tafe, ita ce ta Ummanki. Waccan ki nuna mata.

Ki gaishe da kanki. Allah ya tsare.

Babanki,
Dalhatu.

Maigatari,
Asabar, bayan azahar.

Zuwa ga Malama Ni'imatu, uwargida kuma ita kaɗai,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Gaisuwa da fatan alheri, tare da tambayar jiki. Yaya wuyan, yaya ɗinkin, muryar ta fara dawowa? Tunda likita ya hana ki yawan magana, na ce bari in koma wa tsohuwar sana'ata ta zamanin da nake aika miki takarda Ɗanzomo a cikin buhun gero. Hannun ya tsufa, amma za ki gane shi.

Gida lafiya. An yanke riɗin gonar Gagarawa an jingine shi, bana ya yi kyau. Kazarki mai wake-wake ta ƙyanƙyashe bakwai, shaho ya rage mana biyar. Ɗalibanki kullum sai sun aiko tambaya, wadda kika bar wa ajin kuma sun ce ba ta iya tsawa ba.

Malama, wata dama ce ta faɗo, na ce ba za ta wuce ki ba. Tunda dole ku jira ɗinki ya kama kafin a sallame ku, me zai sa ki zauna a ɗaki kina ƙirga fankar sama? Akwai jirgin ruwa a Kogin Nilu, ba kwalekwale ba, kada ranki ya tafi can. Gida ne sukutum mai hawa huɗu, da gadonki da banɗakinki da tagarki. Sau ɗaya za ki kwance jaka. Ki kwanta a wani gari, ki farka a wani, ba ki ɗauki ko buta ba. Ke da kika san yadda hanyar Sule Tankarkar take girgiza mutum har haƙoransa su haɗu, ki ƙaddara tafiyar da babu rami ko ɗaya, babu shingen 'yan duwan masu binciken kaya, babu direban da zai ce a sauka a tura. Ga mai ɗinki a wuya, ina abin da ya fi wannan?

Malam Jonah ya hau shi. Ya ce ruwan kwance yake kamar an shimfiɗa tabarma, ya ajiye kofin shayi a kan tebur har ya huce bai motsa ba. Ya ce gefe da gefe dabino ne da ayaba da rake, kore shar, bayan su kuma rairayi irin namu, kamar an ɗauko Maigatari an yi mata kwalliya. Iska tana zuwa a wanke. Abinci sau uku ba ke kika hura wuta ba, kifi kuwa daga ruwa sai tukunya. In lokacin salla ya yi, ladan na wannan gaɓa yana kira na waccan yana amsawa, ke kina tsakiya. Na san za ki ce yaya alƙibla a abin da yake tafiya. Wannan ke ce malama, ba zan koya miki ba, ma'aikatan jirgin ma masu salla ne.

Kuma ki tuna wane kogi ne. Shi ne wanda aka saka Annabi Musa, amincin Allah ya tabbata a gare shi, yana jariri a cikin akwati, ya riƙe amana. Shekara nawa kina ba yara wannan ƙissa ba ki taɓa ganin ruwan ba? In kin dawo kika ce musu da idonki kika gani, wa zai ƙara yin surutu a aji? Za kuma a sauke ku ku ga gine-ginen Fir'aunoni, ki ga yadda masu girman kai suka tafi suka bar duwatsu.

Ban manta ba, kina amarya, ranar da kika dawo daga rijiya tafin hannunki ya yi ja da igiya, kika ce min ke dai kafin ki mutu kina son ki ga ruwan da ba guga ya jawo shi ba. Na yi dariya a lokacin, na ce sai dai a Aljanna. To ga shi Allah ya kawo tun a nan. Na so in soke kalmar mutuwar nan da na rubuta sai na ga takardar za ta yi datti, ki bar ta kawai, maganarki ce na maimaita.

Kada ki ce an yi ɓarna. Hutu magani ne, likita ma zai gaya miki. Ki shirya kawai, Zakiyya ta san komai na tafiyar.

Ki huta lafiya. Ina yi miki addu'a bayan kowace salla.

Naki har kullum,
Dalhatu Dillali.

Maigatari,
Alhamis, bayan la'asar.

Zuwa ga Zakiyya,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ku, ina tambayar lafiyarku da ta mai jiki. Ina fata ruwa yana nan kwance yadda aka ce. Ni dai ga ni nan, da sauƙi za a ce.

Auta, kin kusa kashe ni ranar Talata. Kika turo hoton jirginku a tsakanin katanga biyu dogaye, ga wata ƙatuwar ƙofar ƙarfe an rufe a bayanku, ba ki rubuta komai ba, daga nan wayarki ta mutu har washegari. Na kira ya fi a ƙirga. Na hau babur da hular gida na tafi wajen Malam Jonah, na same shi yana yi wa raƙumi allura, na tura masa wayar a fuska. Ya yi dariya har allurar ta kusa faɗuwa. Ya ce matakala ce ta ruwa, ana rufe jirgi a cika wurin ya taso, a buɗe masa gaba ya wuce, kowa ta nan yake bi. Shi mutumin Ibi ne, a bakin Binuwai aka yanke masa cibiya, ruwa a wajensa kamar hanyar masallaci ne. Ya ce in je in sha fura in kwanta. Na je, ban sha ba. Ni na saka ta a kan ruwan nan da bakina. In wani abu ya faru, me zan ce wa mutanen Ɗanzomo? Don Allah in sabis zai ɗauke ki riƙa faɗa tun da wuri, ko da yake na san ba ke kike riƙe da shi ba.

Jiya na shiga Gumel na gaida Yaya Asama'u, yayar Ummanki. Ban yi niyyar gaya mata ba. Ta zuba min ruwa, ta zauna ta dube ni, ta ce tun yaushe Dalhatu ya fara kai mace yawon shan iska, shi da ko bikin Kano sai an yi rigima? Na fara yi mata bayanin dabino da kifi, ta bar ni na kai ƙarshe, sannan ta ce in faɗi abin da likita ya ce. Na faɗa. Ta yi kuka, ta share, sannan ta wanke ni tas. Ta ce Ni'imatu ita ta wanke gawar mahaifiyarsu lokacin da sauran suka kasa shiga ɗakin, ita ce za a ɓoye wa sunan ciwo? Ta ce jikin nata ne, in da addu'ar da za ta yi ko wasiyyar da za ta bari, ni wane ne da zan cinye mata kwana goma? Na baro gidan ko sallama ban yi daidai ba.

Yau kasuwa ta ci, kin san Alhamis ɗinmu, shanu tun daga Damagaram, tireloli har bakin titi. Aka ba ni wani bajimi fari, ƙaho kamar an zana, sai dai ƙafar baya ta hagu tana da tsohon targaɗe, ba ya nunawa sai ya juya. Wani Alhaji daga kudu ya zo, ya gani ya so. Na tsaya inda na saba tsayawa, na baza riga, na ɗora hannu a tozo. Bakina ya buɗe ke nan sai na ji kamar wani yana kallona daga sama yana lissafa min, ga matarka can an kai naman wuyanta gwaji, kai kana nan kana rufe ƙafar sa. Wallahi ban san lokacin da na matsa ba. Na ce Alhaji zagayo ka ga nan. Ya zagayo, ya gani, ya yi godiya, ya tafi wajen Usaini, abokin dillancina, ya sayi wani. Mai san ya karɓe igiyarsa yana zagina da Fulatanci. Dillalai suka yi ta tsiya, wai Dalhatu ya tuba, a nemo masa allo. Ban ji haushinsu ba. Ni kaina na san ciniki nake nema da Ubangiji, in nuna ƙafar sa ya bar min matata, alhali shi ba a yi masa dillanci. Astagfirullah.

Yanzu ga abin da ya fi damuna. Kin ce tana cin abinci, tana barci, da asuba tana hawa saman jirgi da carbinta ta zauna har rana ta fito. Kin ce da masu ƙananan jirage suka kewaye ku suna jefo riguna a leda suna ihun farashi, ita da ba murya ta yi ciniki da yatsu har mutumin ya ɗaga hannu ya sallama. Na yi dariya, na ce matar dillali ce. Amma kin ce tun ranar Lahadi ba ta tambaye ki komai game da asibiti ba, ko sau ɗaya. Auta, wannan ba alama ce mai kyau ba. A kara, mai sayen da yake yawan tambaya bai ga komai ba. Wanda ya yi shiru yana murmushi yana shafa bayan sa, wannan ya riga ya gani, jira yake ka gama zuba.

Ki lura da ita. Ta taɓa wayarki? Kin goge waccan takardar kuwa? Ki ba ni amsa yau, ko kalma biyu ce.

Allah ya dawo min da ku lafiya.

Babanki,
Dalhatu.

Maigatari,
Juma'a, bayan an sauko.

Zuwa ga Malama,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki gaisuwar mai laifi. Yaya jiki, yaya saukowa daga jirgi, yaya garin Aswan? Ina fata ƙafarki ta taka ƙasa lafiya.

Takardarki ta iso ina shirin tafiya masallaci. Na karanta a tsaye, na sake karantawa a zaune, huɗubar yau kuwa in an tambaye ni a kan me aka yi ban sani ba. Bari in kwafe ta a nan, don ki san ban tsallake ko wasali ba:

"Dillali, matsa in ga san. Shekara talatin da ɗaya ban taɓa jin ka yabi abu haka ba sai in kana tsaye a kan aibinsa. Ranar Lahadi da Zakiyya ta fita karɓo magani na tambayi likita da Larabcina na allo, ya gaya min abin da ya gaya mata. Na hau jirgin ne don ku biyu ku samu barci. Amma ruwan ya yi, wannan karon ba ka cuci mai saye ba."

Malama, kunya ta hana ni sanin ta inda zan fara. Na zauna na tsara komai, na auna Zakiyya, na auna likita, na auna har ma'aikatan otal, na manta matar da na aura tana karanta littattafan da ba su da wasali. Na kuma manta sau nawa kika zauna a bayan ƙyaure kina jin yadda nake sayar wa baƙi rago a zaure, in na shigo ki ce min wace ƙafa ce. Kullum kina faɗa min wannan tsayuwar tawa ba ta da maraba da ƙarya, ina ce miki sana'a ce. Sai ga shi na yi miki ita, ke da kika fi kowa sanin ta.

Kada ki ga laifin yarinyar nan. Ta ce a gaya miki tun ranar farko, ni na hana. Yaya Asama'u ma ta yi min wankin da ban samu irinsa ba tun rasuwar Inna, in kin kira ta za ta ƙara miki da abin da na rage.

Na ce wa kowa don ke na yi, don kada tunani ya hana ɗinki kamawa. Yau a sahu na duba zuciyata na ga ba haka ba ne duka. Ni ne ba na iya jin kalmar. In kin sani, dole mu yi maganar, ki fara gaya min inda takardun gida suke da wanda za a ba littattafanki, da muryar nan taki mai sanyi kamar kina aiken cefane. Wannan ne ba zan iya ɗauka ba. Na gwammace in yi ta zancen kifi da dabino. Kwana shida ke nan ina shiga ɗakinki in tsaya ban san abin da na zo ɗauka ba. Ke da ciwon kina can kina lallashin mu, mu masu lafiya.

Zakiyya ta rubuto min abin da kika ce mata jiya a saman jirgi, wai a ɗaki kwana tsayawa yake yi ya zuba maka ido, a kan ruwa kuwa ko ba ka so yana wucewa, ga jaki a gaɓa, ga mata suna wanki, ga wani gari ya zo ya tafi, kafin ka gama tsoro an kira azahar. Ta ce kin ce tun da aka fara zancen ƙarin nan ba ki yi barci irin na kwana huɗun nan ba. Ni da na yi tallan ban san da wannan ba. Abin da na ji a bakin Malam Jonah na ƙara wa gishiri, ashe kayan ya fi tallan.

Na karɓi sharaɗin da kika aiko ta bakin Zakiyya. Ranar Talata ke za ki shiga wajen likita, ke za ki ji da kunnenki, ke za ki gaya min. Babu dillali a tsakani. Na gaya wa Zakiyya ta daina goge komai, ki karanta duk abin da na rubuta mata in ya rage, har da zancen tsoron tafki, tunda mutuncin ya riga ya zube.

Saura kwana huɗu. Ban san yadda zan yi da su ba, nan babu kogi. Zan tafi Gagarawa gobe a kaɗe riɗi, ko ƙurar ta ɗauke min hankali.

Ki yafe min. Ki kuma saka ni a addu'ar asubar nan taki, na fi ki buƙata.

Mijinki,
Dalhatu.

Maigatari,
Laraba, da safe.

Zuwa ga Malama Ni'imatu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Barka da asuba, yaya kwanan jiki? Ina fata kin samu barci bayan wayar jiya. Ni na samu kaɗan, wanda ya fi na makon nan duka, abin mamaki.

Na ji muryarki, ko da yake sai da na toshe ɗaya kunnen na shige ƙuryar ɗaki. Kin faɗi sunansa ba ki yi masa rawani ba: daji ne. Na zauna a bakin gado. Kika ce an kama shi da wuri, likita ya ce irin wanda ake cin ƙarfinsa ne, amma sai an sake shiga an cire ragowar nan da mako uku. Na ce to. Kika ce ban da kuka. Na ce mura ce. Wannan ita ce ƙarya ta ƙarshe, na yi alkawari.

Ina tsoro, Malama, ba zan baza riga a kansa ba. Ina tsoron aiki na biyun, ina tsoron abin da za a ce bayansa. Amma na lura tsoron abin da aka kira da sunansa yana barin mutum ya ci tuwo.

Fasfona na Hajji bai mutu ba, na duba. Gobe ba zan shiga kara ba, karo na farko da Alhamis za ta same ni a mota, zan tafi neman biza. Na bar wa Usaini shanun mutanena, Yaya Asama'u za ta zo ta riƙe gida.

Sai ɗaya sharaɗin naki. Na yi ta juya shi ko zan sami ƙofar fita, babu. Kin ce tunda ni na yi tallan jirgi, ba za ki shiga ɗakin tiyata ba sai na zo mun hau shi tare, kwana huɗu cur, har da wurin katangar nan da ake rufe mutane. Na ce ko za a rage zuwa kwana ɗaya, kika ce ba a ragi. Na gaya wa Malam Jonah, ya dafa bango yana dariya, ya ce in na ji jiri in kalli gaɓa kada in kalli ruwa, Theresa kuma ta aiko min da citta in riƙa taunawa. Ki sa Zakiyya ta nema mana ɗaki a hawan da ya fi nisa da ruwa, kuma rigar nan mai hana nutsewa a kawo min tawa tun a bakin ƙofa, ko masu jefo kaya a leda za su yi dariya su yi.

Da asuba zan hau saman tare da ke. In kin matsa wajen ƙarfen gefe zan biyo ki. Ta hagunki zan tsaya, gefen ɗinkin, don nan na saba tsayawa. Amma zan naɗe riga, in yi shiru, ki nuna min ruwan.

Sai na zo. Allah ya ba ki lafiya, ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Naki,
Dalhatu.